Baƙar fumfuna: an tsorata mu da launi, an bar ruwan yana shiga

Duk shekara idan damina ta yi nisa, sai bidiyoyi su cika Facebook da TikTok a kan wai "baƙar fumfuna mai kisa". Saƙonsu kusan ɗaya ne: baƙin tabon da ke bangonka guba ce, ka wanke da Hypo, ka shafa fenti, shi ke nan. Ina da ja a kan tsoratarwar, ina kuma da ja a kan maganin.

Tsoron nan yana da asali. A 1993 da 1994, a birnin Kilibilan na Amurka, an samu wasu jarirai da huhunsu ke zubar da jini, masu bincike suka zargi wata fumfuna mai suna Stachybotrys chartarum. A shekarar 2000 hukumar CDC ta sake duba binciken, ta ce ba a tabbatar da alaƙar ba. Zargin ya zaga duniya, gyaran kuwa bai je ko'ina ba. Sannan fumfuna iri-iri ce ke fitowa baƙa, don haka ido ba ya gane wacce ce wacce.

Kada fa a ɗauka ina cewa babu illa. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan laima da fumfuna, inda ta nuna cewa mazauna ɗaki mai laima sun fi fama da tari, toshewar hanci, ƙarar numfashi da tashin asma. Ba ta ware wani launi ba, fara ko kore ko baƙa duk a kawar da ita. A Ingila, bincike ya tabbatar da cewa daɗewa cikin fumfuna ne ya kashe Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, a 2020 a garin Rocdel. A nan gida kuma akwai waɗanda bidiyoyin ba sa ko ambata: masu tarin fuka da suka warke. Cutar kan bar rami a huhu, Aspergillus kuma kan shiga ramin ta zauna, mutum ya yi ta tari da rama, a yi zaton tsohon ciwon ne ya dawo.

To, batun Hypo. A kan tayil ko gilashi yana aiki, amma ai sabulu da ruwa ma suna yi. A silin na kwali, katifa ko kafet, fumfuna ta riga ta cusa zarenta ciki, sama kawai za ka farar. Matacciyar ma tana tayar da asma, shi ya sa ake gogewa a cire. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango kuwa kuɗi ne aka zuba a kwata, zai kumbura ya ɓare. Kuma don Allah kada a haɗa Hypo da ruwan wanke bayan gida mai asid, iskar kulorin ce ke tashi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba a tambayar ina ruwan yake fitowa. Kwano ne ke yoyo? Bututu ne ya fashe a cikin bango? Indararo ne ke zuba a gindin gini, ko ƙasa ce ke tsotso ruwa saboda magini bai shimfiɗa leda a harsashi ba? Duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, wanda ya riga ya ruɓe a jefar. A janye wadurob daga jikin bango, a daina shanya a ɗaki.

"Ku riƙa buɗe taga" shawara ce mai kyau, sai dai tana ɗora laifin a kan ɗan haya. A Rocdel ma masu gidan da farko yanayin zaman iyalin suka zarga. Taga ba ta toshe yoyo. Idan rufi ne ko harsashi, aikin mai gida ne, kuma ya dace ɗan haya ya ɗauki hoton tabon da kwanan wata, ya aika masa a rubuce kafin lokacin sabunta kuɗin haya.