Yadda Ake Ƙunshe Fuska a Aika Ta Nesa

Ranar da Gwaggona ta sauka Madina, bayan isha'i sai ga kiranta na bidiyo. Fuskarta ta cika allon wayata, ga farin mayafi, ga hasken fitilu a bayanta. Na ce, "Gwaggo, kina ganina?" Ta ce, "Ina ganinka tar, ɗan nan. Me ya same ka ka rame haka?" Muka gaisa, ta sa mini albarka, ta kashe. Na daɗe riƙe da wayar ina mamaki. Baiwar Allah tana wata ƙasa, da teku a tsakaninmu, amma ta hango ramar da ke kumatuna. Ta wace hanya kumatun nan suka isa gare ta kafin ƙiftawar ido?

Da na bi diddigi sai na tarar sana'a ce sukutum, da kayan aikinta da ma'aunanta da gwanayenta, sai dai ba a ganin rumfarsu a kasuwa.

Kyamarar waya ba motsi take ɗauka ba. Hotuna take ɗauka a jere, kamar 30 a kowane sakan, ido ne ke haɗa su ya ga motsi. Kowane hoto kuwa tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira piksel. Hoto matsakaici, mai ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye, yana ɗauke da ɗigo 921,600, kuma kowane ɗigo sai an faɗi yawan ja da kore da shuɗin da ke cikinsa. In ka buga lissafi, sakan ɗaya na wannan ɗanyen hoto ya kai kusan megabayit 83. Wato da haka za a aika shi, datar gigabayit guda da ka saya ba za ta wuce sakan 12 ba. Ko sallama ba za ku gama ba.

Manomin tumatir ya san maganin irin wannan. Ɗanye yana da nauyi, ba ya jure tafiya, don haka sai a yanka shi a shanya ya zama kauɗa. In ya isa inda za shi, uwargida ta jiƙa ta yi miya. Manhajar da ke wannan aiki a waya ana ce mata kodek: a ɓangaren mai aikawa ta matse hoto, a ɓangaren mai karɓa ta warware shi. Gwanintar duka tana wajen sanin abin da za a zubar ba tare da ido ya lura ba.

Da launi ake farawa. Idon ɗan Adam ya fi kula da haske da duhu a kan launi, saboda haka kodek yakan bar wa kowane ɗigo haskensa, amma ya sa ɗigo huɗu su yi tarayya a launi ɗaya. Da wannan kaɗai rabin kayan ya sauka.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi burge ni. Lokacin da Gwaggo ke magana, bangon da ke bayanta bai motsa ba. Me zai sa a riƙa aika shi sau 30 a sakan? Sai kodek ya aika cikakken hoto guda, wanda za mu iya kira uwar hoto, daga nan kuma bambanci kawai yake aikawa. Yakan yanka sabon hoton gida-gida, kowane gida ɗigo 16 tsaye 16 kwance a tsarin da aka daɗe a kai, ya ɗauki gida ɗaya ya leƙa hoton baya yana neman mai kama da shi. In ya samu, saƙon da zai tura gajere ne: ɗauko gidan can, ka matso da shi ɗigo uku zuwa dama. Abin da ya rage, kamar buɗewar leɓe ko ƙifta ido, shi kaɗai ake rubutawa sabo. Akwai kuma wata hikima a ciki da ba kowa zai yi tunaninta ba. Mai aikawa yakan warware ƙunshin da ya ɗaure da kansa, ya ga ainihin abin da zai isa hannun mai karɓa, kuma da wannan yake kwatanta hoto na gaba. Da zai riƙa kwatantawa da na asali mai tsabta, ƙananan kurakurai za su yi ta taruwa a can har fuska ta dagule.

Ragowar ma ba a aika shi haka nan. Wani injiniyan lantarki haifaffen Indiya, Nasir Ahmed, ya fito da wata dabara da aka wallafa a 1974, ana kiranta DCT a taƙaice. Tana rarrabe kowane gida zuwa manyan siffofi da ƙananan zane-zane, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Manyan siffofin ana riƙe su da kyau, ƙananan kuwa ana rage musu daidaito gwargwadon ƙarfin hanya. Shi ya sa in sabis ya yi rauni kake ganin fuska ta koma dabbare-dabbare mai kusurwa huɗu: gidajen nan ne suka bayyana saboda an zubar da abu da yawa. In komai ya tafi daidai, hoton nan yakan ragu fiye da sau ɗari, amma har yanzu gwaggo tana gane ɗanta ya rame.

To, ta yaya wayar da aka ƙera a Sin za ta warware ƙunshin da kwamfutar Amurka ta ɗaure? A kasuwar hatsi, in kowa ya zo da nasa mudun, ciniki ba zai yiwu ba. Masu tsara mudun wannan fanni suna haɗuwa ne a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda aka kafa tun 1865 domin wayar tangaraho, kuma mazauninta yana Janiba ta ƙasar Suwizalan. A 1988 ta amince da ƙa'idar H.261, wadda ta kafa tsarin gida-gidan nan. A 2003, tare da haɗin gwiwar ƙwararrun wata ƙungiya mai suna MPEG, aka fitar da H.264, wadda har yau da wuya ka sami wayar zamani da ba ta jin ta. A 2013 H.265 ta biyo baya, da burin ba da hoto mai kyau iri ɗaya da kusan rabin data.

Abin sha'awa, ƙa'idar ba ta gaya wa kowa yadda zai matse hoto. Siffar ƙunshin kawai ta ƙayyade, da yadda za a kwance shi. Kowane kamfani yana da damar nuna bajintarsa wajen ɗauri, muddin kowace na'ura mai bin ƙa'ida za ta iya kwancewa. Kafin a sa dabara ɗaya a cikin littafin ƙa'ida, sai an gwada ta a kan gajerun bidiyoyin gwaji da kowa ya yarda da su. Akwai wani sananne a cikinsu, na wani mutum mai hular kwano yana magana a wurin gini, bai wuce sakan goma ba. Injiniyoyi sun shafe shekaru suna maimaita kallonsa, suna auna ko wata sabuwar dabara ta rage kaya ko da kaɗan ne ba tare da ɓata gefen hular ba. Mu kuwa muna kishingiɗe muke danna koren maɓalli, hoto ya ɗan tsaya mu ja tsaki.

Kafin hoto ya tashi ma akwai sallama. Na'urorin biyu sukan yi gaisuwa da ɗan ciniki: ga kodek ɗin da nake ji, wanne kake ji, ta wace ƙofa zan same ka? Ƙa'idar H.323 ta 1996 da ta SIP ta 1999 duk domin tsara wannan gaisuwa aka yi su.

Sai hanya. Intanet ba ta ɗaukar kaya dunƙule, sai an rarraba shi ƙananan fakiti. Ƙa'idar RTP, wadda ta fito a 1996, tana liƙa wa kowane fakiti lamba da hatimin lokaci. Lambar ce ke nuna wanda ya riga wani da wanda ya ɓace. Hatimin kuma da shi ake daidaita murya da motsin baki. Fakitocin ba sa isowa a tare, wani ya yi sauri wani ya yi nawa, don haka wayar mai karɓa takan tsare su ɗan lokaci a wani zaure, ta jera su, sannan ta sake su. Auna wannan jira shi ma gwaninta ne. In ya gajarta, murya ta riƙa yankewa. In ya yi tsawo, ku riƙa cin karo da juna a magana, kowa yana cewa "ina jin ka". Shawarar ITU mai lamba G.114 ta nuna cewa in jinkirin zuwa bai wuce kashi 150 cikin dubu na sakan ba, hira takan tafi sumul. Fakitin da ya makara fiye da kima ba a jiransa. Idan na murya ne, waya takan ƙago ɗan sauti daga wanda ya gabata ta cike gurbin; idan hoto ne ya lalace, ta roƙi a turo sabuwar uwar hoto.

Murya kuwa ita ake fifitawa, domin mutane na iya haƙuri da hoto mai hazo amma ba sa jure magana mai yankewa. Tana da nata bala'in: sautin da lasifikarka ke fitarwa yakan koma cikin makirufonka, ɗan'uwanka ya ji muryarsa tana dawo masa. Wayar takan riƙe kwafin abin da ta fitar, ta koyi yadda ɗakin ke mayar da amo, ta cire shi daga abin da makirufo ya ɗauka, ta bar muryarka kaɗai. Tana yin haka ba tsayawa, ko ka tashi daga ɗaki ka koma tsakar gida.

Mai karatu, kai ma kana iya sauƙaƙa wa wannan aiki. Idan za ka kira na nesa, jingine wayar a kan wani abu kada ta riƙa rawa a hannunka, domin kowace girgiza tana sa a sake lissafin dukan gidajen hoton. Ka fuskanci haske, kada ka ba shi baya, tunda duhu yana cika hoto da ƙura-ƙuran da ke cin data a banza. In da hali ka sa abin ji a kunne, amon ya ragu. Wanda ke can zai fi ganin ka sosai, datarka kuma ta tafi kan fuskarka maimakon bango.