Ina Bayanan da Ake Kwasa a Guéné Suke Kwana?

Guéné gari ne a gundumar Malanville, cikin jihar Alibori a arewacin Jamhuriyar Benin, a kan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta ratsa Parakou da Kandi har gadar Kogin Kwara da ke sada Malanville da Gaya. Kasuwar dabbobinsa sananniya ce, yankin kuma ya daɗe yana jan masu bincike kan kiwo da noman shinkafa da fataucin kan iyaka. Littafin da mai bincike ya wallafa ana iya samunsa a ɗakin karatu. Abin da ba a cika samu ba shi ne ɗanyen kayan da aka gina littafin da su: muryoyin da aka naɗa, takardun tambayoyi, jadawalin farashi, taswirar burtali. A ganina adana waɗannan aiki ne na ɗakin karatun jami'a, kuma ginshiƙinsa shi ne rubuta bayanin kowane abu yadda baƙo zai gane shi. Sayen na'ura a baya yake zuwa.

Ɓacewar bayanai ba zato ba ce. A 2014 Timothy Vines da abokan aikinsa sun wallafa nazari a mujallar Current Biology, inda suka nemi bayanan maƙaloli 516 daga hannun marubutansu, suka gano cewa damar samun bayanan tana raguwa da kusan kashi 17 cikin ɗari a duk shekarar da ta wuce bayan wallafawa. Adireshin imel ya mutu, faifan ya lalace, ko babu sauran na'urar da za ta karanta shi. Idan haka ta faru inda wuta ba ta ɗaukewa, sai a ƙiyasta halin ɗalibin da hirarrakinsa duka ke cikin waya ɗaya. Jami'o'inmu sun saba karɓar kundin digiri, wasu ma suna ɗora shi a rumbun intanet da manhaja irin su DSpace, amma kundi sakamako ne kawai, ba ya ba wani damar sake auna lissafin. Kan iyaka kuma ya ƙara dagula lamarin. Olivier Walther ya nuna a bincikensa cewa Malanville da Gaya da Kamba ta jihar Kebbi suna cikin harkar ciniki guda, amma abin da aka rubuta a kansu ya rarrabu tsakanin Jami'ar Parakou, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'o'in Nijeriya, biyun farko suna jera kayansu da Faransanci, na Nijeriya da Ingilishi, alhali hirarrakin da Dandanci da Fulatanci da Hausa aka yi su.

Aikin rubuta bayanin takardu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Magabatan da ke kwafar littafi da hannu sukan rufe shi da sunan mai kwafa da na wanda aka kwafa dominsa, wani lokaci har da ranar kammalawa, kuma da waɗannan 'yan layuka ne masana na baya suka gane asalin takardu da dama. A kan wannan turba Cibiyar Adana Rubuce-rubucen Larabci ta Ibadan da shirin binciken tarihin Arewa na Zariya suka tashi a shekarun 1960, haka ma sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda tarin Boubou Hama ya zama tushensa. Abin da ya fi amfanar mai bincike a yau daga wancan zamani shi ne fihirisa, irin kundin da John Hunwick ya fitar a 1995 kan marubutan tsakiyar Sudan. Shirin Ɗakin Karatun Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda ya fara a 2004, shi ma yana sharɗanta a jera bayanin abin da aka ɗauka, a kuma bar takardun da kwafinsu a ƙasar da suka fito. Hoto dubu goma da babu suna, babu kwanan wata, babu wurin da aka ɗauka, buhun hatsi ne da aka gauraya da yashi.

Mai suka zai ce bayanan kan iyaka ba na bazawa ba ne, kuma maganarsa da nauyi. Ɗan kasuwar da ya faɗi yadda kaya ke tsallaka kogi, ko makiyayin da ya ambaci adadin shanunsa, amana ya bayar, ga rashin tsaro a kewayen gandun dajin W, ga rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Sai dai adanawa daban, buɗewa ga kowa daban. Ƙa'idojin FAIR na 2016 suna neman a iya gano bayanai a kuma san sharaɗin isa gare su, ba su ce a zube komai a fili ba. Ɗakin karatu na iya cire sunaye, ya kulle muryoyi na wasu shekaru, ya bar bayanin cewa akwai su. Benin na da dokar harkokin dijital ta 2018, Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma sun fi sauƙin aiwatarwa a kan hukuma mai rajista. Wayar da ke yawo a aljihu daga shinge zuwa shinge ita ce ainihin haɗarin ga mai amanar.

Suka ta biyu kuɗi ne da wuta. Gaskiya ne kula da rumbun kwamfuta na da tsada, amma rubuta wa kowane fayil wanda ya tattara shi, da wuri, da rana, da harshe, da izinin da aka bayar, ma'aikaci yake buƙata da horo. Cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001 kuma take da reshe a Parakou, ta daɗe tana sakin rahotanninta kyauta a intanet ba tare da wata babbar dukiya ba. Mai tsoron kada a kwashe masa wahala kuwa, bayanan da aka yi wa rajista da sunansa sun fi wuyar sata a kan waɗanda ke yawo a filashi tsakanin abokai.

Saboda haka, jami'o'in Parakou da Yamai da Sakkwato su sanya miƙa bayanan bincike cikin sharuɗɗan karɓar kundin digiri, su amince da tsarin fihirisa guda wanda ke ambaton harshen da aka yi hira da shi, kuma a mayar wa hukumar gundumar Malanville kwafin duk abin da bai shafi sirrin kowa ba.