Ukashatu: Sunan da Ya Shigo Ƙasar Hausa ta Zauren Malamai

Duk wanda ya saba halartar raɗin suna a ƙasar Hausa, inda ake haɗuwa da sassafe a ƙofar gida ran kwana bakwai da haihuwa, a raba goro, liman ya yi addu'a, sa'an nan maroƙi ya ɗaga murya ya shaida wa jama'a sunan da uba ya zaɓa, ya san cewa sunayen maza da ake ji a irin wannan taro ba su da yawa, domin daga Muhammadu da Ahmadu sai sunayen halifofi huɗu shiryayyu, sai kuma Annabawan da Alƙur'ani ya ambata, irin su Ibrahimu da Musa da Yusufu da Haruna. Amma jefi-jefi, watakila sau ɗaya cikin shekaru, a kan ji an ce sunan yaro Ukashatu, har waɗansu daga cikin mahalarta su nemi a maimaita musu. Wannan suna ne na ga ya cancanci a tsaya a kansa, saboda ƙarancinsa bai yi daidai da darajar mai shi na asali ba.

Malaman lugga sun tafi a kan cewa kalmar ta fito daga wani tushe na Larabci da ke nufin cukurkuɗewa da sarƙewa, kamar yadda gashi kan dunƙule ko tsiro ya yi duhu ya shiga juna, kuma daga nan ne Larabawa suka kira gizo-gizo da wannan suna, waɗansu kuwa suka ce saƙarsa ake nufi. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa ana karanta harafin kaf da shadda, ana kuma karanta shi ba shadda, duka biyun sanannu ne; saboda haka Bahaushen da ya ce Ukashatu da sauƙin harshe bai yi lahani ba. Ba abin mamaki ba ne Balaraben jahiliyya ya sa wa ɗansa sunan ƙwaro, gama al'adarsu ce su kira 'ya'yansu maza da sunan zaki, da kare, da dutse, da ɗan itace mai ɗaci, suna nufin su firgita abokan gaba da jin sunan tun kafin a gamu, kuma Ibnu Duraid, wanda ya rasu a shekara ta 321 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan asalin irin waɗannan sunaye. Da Musulunci ya zo, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canja sunayen da ke ɗauke da saɓo ko yabon kai ko mugun fata, ya mayar da Barratu Zainabu, ya so ya mayar da Hazanu Sahalu. Amma Ukashatu, wanda ya zauna tare da shi tun daga Makka, bai taɓa sunansa ba. Wannan ya ishi wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar, yana tuna Gizo na tatsuniya da makircinsa, hujjar cewa babu aibi a sunan ta fuskar shari'a.

Shi wannan sahabi, Ukashatu ɗan Mihsanu, mutumin ƙabilar Banu Asad ne, yana cikin waɗanda suka riga shiga Musulunci suka yi hijira zuwa Madina, kuma ya halarci Badar ranar 17 ga Ramalana a shekara ta 2 bayan Hijira, da Uhudu, da Handaƙu, har Manzon Allah ya naɗa shi shugaban wata 'yar rundunar mutum 40 a shekara ta 6. Ma'abota sira sun ruwaito cewa a ranar Badar takobinsa ya karye ana tsakiyar gumurzu, Manzon Allah ya miƙa masa wani guntun itace ya umarce shi ya yi yaƙi da shi, da ya girgiza shi sai ya zama takobi dogo, fari, mai kaifi, wanda ya riƙe har ƙarshen ransa. Alƙali Iyalu ya kawo wannan labari cikin babin mu'ujizoji na littafin Ashafa, kuma tun da yake littafin nan ana karanta shi ana fassarawa a masallatai da zaurukan ƙasar Hausa duk watan azumi, ina da ƙarfin zaton cewa ta nan ne kunnen Bahaushe ya fara sabawa da sunan.

Sai dai abin da ya ɗaukaka shi bisa haƙiƙa shi ne hadisin da Buhari da Muslim suka haɗu a kan ingancinsa, inda Manzon Allah ya ba da labarin mutum 70,000 daga al'ummarsa da za su shiga Aljanna ba hisabi ba azaba, ya siffanta su da cewa ba su neman a yi musu tofi, ba su camfi, ba su yin lalas, ga Ubangijinsu kaɗai suke dogara. Jama'a na zaune, kowa na juya maganar a ransa, sai Ukashatu ya miƙe ya roƙi Manzon Allah ya yi masa addu'a ya zama cikinsu, aka kuwa amsa masa. Da wani ya tashi bayansa ya yi irin wannan roƙo, sai aka gaya masa Ukashatu ya riga shi, amsar da ta zama karin magana a bakin Larabawa har yau. A ganina duk uban da ya raɗa wa ɗansa wannan suna da sani, to, wannan tsayuwa yake yi masa fata, wato ya zama mai hanzari zuwa ga alheri lokacin da waɗansu ke jinkiri da duban juna, kuma fata ce wadda ban san wadda ta fi ta kyau ga ɗa namiji ba.

Ƙarshensa ya zo a shekara ta 11, zamanin yaƙe-yaƙen ridda, lokacin da Ɗulaihatu, ɗan ƙabilarsu ta Banu Asad, ya yi da'awar annabci. Halidu ɗan Walidu ya aike shi shi da Sabitu ɗan Aƙramu su leƙo asirin abokan gaba kusa da Buzaha a ƙasar Najadu, Ɗulaihatu da ɗan'uwansa suka ci karo da su suka kashe su. Shi Ɗulaihatu daga baya ya tuba, ya yi yaƙi tare da Musulmi a Ƙadisiyya.

Akwai wata ƙissa da masu wa'azi suka fi yawan ɗauka, wadda ta fi hadisin nan yaɗuwa a tsakanin jama'a, cewa wai dab da wafati Manzon Allah ya nemi duk wanda ke da haƙƙi a kansa ya zo ya rama, Ukashatu ya tashi da bulala, manyan sahabbai suna kuka suna miƙa jikinsu fansa, daga ƙarshe ya jefar da bulalar ya sumbaci jikin Ma'aiki. Ƙissa ce mai sa hawaye, kuma na san ƙauna ce ke sa a maimaita ta. Amma malaman hadisi, cikinsu har da Ibnul Jauzi, sun hukunta cewa ƙagaggiya ce, saboda wani maruwaici da ake tuhuma a isnadinta. Abin da ya yi kama da ita a littattafan sira ya faru ne da Sawadu ɗan Gaziyya, ranar Badar, wajen daidaita sahu. Yana damuna ƙwarai in ga an bar abin da ya tabbata ga mutumin da ba ya bukatar ƙari, an rungumi abin da bai tabbata ba.

To, me ya sa suna mai irin wannan asali ya ƙaranta a wurinmu? Amsar tana cikin yadda Bahaushe ke zaɓen suna, domin shi galibi ba ya buɗe littafi, mayar da sunan wani yake yi: mahaifinsa, ko surukinsa, ko malaminsa, ko ubangidansa, sa'an nan a saya da Abba ko Baffa saboda kunya. Sunan da ya riga ya yawaita sai ya ƙara yawaita, wanda kuwa babu shi a dangi ba shi da ƙofar shiga, sai fa in uban almajiri ne da ya gamu da shi a karatu ya ƙaunace shi. Usmanu ya sami Shehu ɗan Fodiyo, Bello da Atiƙu sun sami sarakunan Musulmi, har kowane sanannen suna ya yi laƙabinsa, Abubakar ya zama Garba, Umaru ya zama Sanda, Yusufu ya zama Maitama. Ukashatu kuwa bai yi laƙabi ba, alamar cewa bai daɗe a tsakar gida ba. Wani dalilin kuma na sauti ne, gama ƙarshen nan na "atu", wanda malamanmu suka riƙe daga karatun Larabci da cikakken i'irabi, kunnen Bahaushe ya fi saninsa a A'ishatu da Hadizatu da Aminatu, don haka Ukashatu da Usamatu da Ɗalhatu kan yi wa wanda bai yi karatu ba kama da sunan mata.

A waɗansu ƙasashen abin ya bi wata hanya. A Masar ya zama sunan iyali, kamar na Sarwat Ukasha, ministan al'adu zamanin Jamal Abdunnasir, da Usama Anwar Ukasha, marubucin wasannin talbijin da ya rasu a 2010. A kudancin Turkiyya kuwa, wajajen Marash da Gaziantep, inda suke furta shi Okkesh, suna ne gama-gari, saboda wani hubbare a kan dutse kusa da Nurdagi da mutanen wurin ke danganta wa sahabin, ko da yake tarihi ya nuna a Najadu ya yi shahada. Iyaye kan ziyarce shi neman haihuwa, in an sami namiji a sa masa sunan, kuma girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ta rushe ginin.

A 'yan shekarun nan, da makarantun Islamiyya suka yawaita, littattafai irin su Riyadus Salihina, wanda ya buɗe babin yaƙini da tawakkali da hadisin nan, suka shiga hannun matasa maza da mata, an fara jin sunan fiye da da, tare da Huzaifa da Mus'abu da Ammaru da Miƙdadu, kuma iyayen yanzu sun fi son gajeriyar siga, Ukasha, wadda ta kauce wa shubuhar sunan mata. Waɗannan yara idan Allah ya raya su suka yi 'ya'ya da almajirai, za a fara mayar da sunansu, kuma daga lokacin ne sunan zai fita daga zauren malamai ya shiga jerin waɗanda ake gado.