3.4 Salon Bayar da Labari a Fim Ɗin I, Tonya

Fim ɗin I, Tonya (2017), wanda Craig Gillespie ya bayar da umarni, an gina shi ne a kan rayuwar Tonya Harding, 'yar wasan zamiya a kan ƙanƙara ta ƙasar Amurka. Ƙololuwar labarin ita ce harin da aka kai wa abokiyar karawarta Nancy Kerrigan a birnin Ditiroit ranar 6 ga Janairu, 1994, inda aka buge ta da sanda a ƙafa.

Idan aka lura, marubucin fim ɗin, Steven Rogers, bai bar labarin a bakin mutum ɗaya ba. Tonya da tsohon mijinta Jeff Gillooly da mahaifiyarta LaVona, kowannensu yana fuskantar kyamara ya kawo nasa bayanin, kuma sau da yawa sukan ƙaryata juna. Wannan dabara ta mayar da mai kallo tamkar alƙali mai sauraron shaidu.

Sai dai kuma akwai rauni a nan. Kerrigan, wadda ita aka zalunta, ba a ba ta wannan dama ba. Mai kallo ya ga dukan da Tonya ta sha a hannun uwa da miji, ya ga an haramta mata shiga gasa har abada, don haka tausayinsa ya karkata gare ta.

Bisa ga wannan, za a iya cewa salon ya yi nasara wajen riƙe mai kallo, amma ya sa shi yanke hukunci alhali bai ji ta bakin wadda aka cuta ba.