Kunta Kinte Tsakanin Bakin Maroƙi da Takardun Virginia

Da yawanmu fim ɗin muka fara gani kafin littafin, wasu ma har yau sunan Kunta Kinte kaɗai suka riƙe. A 1976 Alex Haley ya fitar da Roots, ya ce ya bi salsalar danginsa ta wajen uwa, tun daga garin Henning na jihar Tennessee har ƙauyen Juffure a bakin kogin Gambiya. Jarinsa na farko 'yan kalmomi ne da ya ji a bakin kakarsa Cynthia, waɗanda masanin tarihi Jan Vansina ya danganta da yaren Mandinka.

A matsayin labari, ba ni da ta cewa. Babin da aka jera bayi cikin tumbin jirgi, sarƙa a ƙafa, ba ya barin mutum ya yi barci. Damuwata tana ƙarshen littafin, inda Haley ya ajiye rigar mai ƙaga labari ya ce ga hujja.

Hujjar ita ce wani dattijo, Kebba Kanji Fofana, da ya karanto masa nasabar gidan Kinte a Juffure a 1967. To amma kafin su haɗu, Haley ya riga ya baza labarin abin da yake nema a Gambiya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da maroƙi ranar biki ya san yadda ake samar wa baƙo mai hannu da shuni kakan da zai ji daɗi. A 1977 ɗan jarida Mark Ottaway ya je ƙauyen, ya dawo da shakku kan ko Fofana ma gogaggen mai riƙe tarihi ne.

Takardu kuma sun fi tsanani. Haley ya ce Kunta shi ne bawan da iyalin Waller suka raɗa wa Toby, kuma jirgin Lord Ligonier ne ya sauke shi a Annapolis a 1767. A 1981 Gary Mills da Elizabeth Shown Mills suka nuna cewa sunan Toby yana cikin takardun gidan Waller tun 1762, shekara biyar kafin jirgin ya iso. Ga kuma ƙarar satar fasaha da Harold Courlander ya kai shi, wadda aka sasanta a 1978.

Ina yi masa uzuri ta fuska ɗaya. Ƙidayar 1870 ce ta fara rubuta yawancin baƙaƙen Amurka da cikakken suna. Kafin nan bawa suna ɗaya gare shi, a jerin kayan gado, kusa da dawaki. Wannan giɓin gaskiya ne, kuma da Haley ya bar shi a buɗe, da ya fi kowane babi nasa ciwo. Shi kuwa sai ya cike shi da Toby.