Kusheyin Dutsi da Matsalar Ƙidayar Shekarun Zamfara

Abin da ya jawo wannan sharhi shi ne yadda marubuta tarihin Zamfara suke ɗaukar shekarun da aka ɗora wa sarakunan farko tamkar an same su a rubuce bisa dutse. Sau da yawa mukan karanta cewa Sarauniya 'Yargoje ta yi mulki daga 1310 zuwa 1350, ba tare da an gaya mana inda aka samo waɗannan alƙaluma ba.

Tushensu jerin sunayen sarakuna ne, irin wanda Kurt Krieger ya tattara a Anka, ya buga cikin littafinsa na Jamusanci a 1959. Hanyar kuwa sananniya ce. Akan kama wata shekara da aka amince da ita, kamar faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Sarkin Gobir Babari wajen 1764, sai a riƙa ɗebe shekarun kowane sarki ana komawa baya. Haka Palmer ya yi wa tarihin Kano har ya ajiye Bagauda a 999. To, amma idan maroƙi ya tsallake sarki guda, ko ya haɗa biyu masu suna ɗaya, duk lissafin da ke bayansa ya karkace. Ba aibin maroƙi ba ne, domin shi asali yake tsarewa, ba kalanda ba.

Sai batun manyan kusheyin Dutsi, waɗanda ake cewa na Dakka ne da magadansa, wai Samudawa ne. Wasu sun kafa hujja da girmansu cewa wata al'umma ce ta daban ta zauna nan ta shuɗe. Mu a ganinmu girman kabari darajar mai shi yake nunawa, ba tsawonsa ba. Kusheyin Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina sun ishe mu misali: da aka tona su a 1992, mutane aka tarar irinmu, tare da kayan ƙarau da na tagulla, awon kimiyya kuma ya kai wasunsu wajen ƙarni na 14.

Kada a ɗauka muna rage wa Zamfara shekaru ne. Mai yiwuwa ma akasin haka ne zai fito. A Dala an sami shaidar narka tama tun ƙarni na 7, wato kafin Bagauda da ɗaruruwan shekaru. Al'adar Nok ma, binciken Jami'ar Frankfurt da aka soma a 2005 ya mayar da farkonta zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.).

Abin da ke damunmu shi ne lokaci. Ƙasar Anka da Bukkuyum ƙasar haƙar zinariya ce, kamar yadda annobar gubar dalma ta 2010 ta bayyana wa duniya. Gawayi ko tsingaron da mai haƙa ya birkice daga shimfiɗar ƙasar da yake kwance a ciki, ko an kai shi ɗakin gwaji, ba zai ƙara faɗa mana shekarun kufan da ya fito ba.