Tauraron Burma Ba Shi da Suna

Mun shafe 'yan makonni muna bibiyar jerin kayan gwanjon dillalan Ingila masu sayar da tsofaffin lambobin yabo da bajon soja a intanet, kuma a cikin kwanakin muka sake karanta Burma Boy, littafin marigayi Biyi Bandele da ya fito a 2007. Abu ɗaya su biyun suke ƙoƙarin yi, wato riƙe tarihin sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Ingila yaƙi. Shi ya sa muka ga ya dace mu auna su tare.

Mu fara da dillalai, don suna da abin yabo. Sun san bajon rundunar Royal West African Frontier Force mai hoton bishiyar kwakwa. Sun san tambarin Runduna ta 81, baƙin gizo-gizo a kan ruwan ɗorawa, wanda aka aro daga Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, takwaran namu Gizo. Sun san na Runduna ta 82, masu biyu a gicciye a kan gammo, tunda a kai ake dakon kayan yaƙi a dazuzzukan da mota ba ta shiga. Suna bambance na asali da jabu, suna adana ƙyallen da ake rataya lambar. Da yawa daga cikin kayan nan da tuni sun ƙare a hannun 'yan gwangwan ba don su ba.

Matsalar tana cikin tsarin jerin. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun san cewa rumbun bayanai ba ya tuna komai sai abin da aka ware wa gurbi. Guraben dillali su ne nau'in lamba, runduna, lafiyar ƙarfe, suna idan akwai, sai farashi. Sunan nan shi ke ɗaga kuɗi. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, an buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a gefensu. Amma taurarin Yaƙin Hitila, Ingila ta raba su babu suna. Tauraron Burma mai tsini shida, wanda aka ƙirƙira a 1945, iri ɗaya ne ko na wane ne. Da zarar ya rabu da takardun mai shi, ba mai iya cewa a ƙirjin ɗan Landan ya rataya ko na ɗan Zariya da ya yi fama a kwarin Kaladan. Sai a sayar da shi kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Ko inda aka sami suna, da sauran rina a kaba. Magatakardan soja sun saba haɗa sunan mutum da garinsu su mayar da shi sunan mahaifi, sai ka ga Musa Kano ko Audu Katsina. Musa nawa ne a Kano? Kuma in ka karanta bayanin da ake rubutawa ƙarƙashin lambobin hafsan Bature, za ka sha labari: makarantarsa, wasiƙunsa, hotonsa. Na saje ko samanja baƙar fata, galibi layi ɗaya ne. Ba dillalai suka ƙirƙiri wannan giɓi ba, sun gaje shi ne. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka, ba a tuna su da sunansu ba. Laifin kasuwa shi ne ta mayar da giɓin ma'aunin farashi.

Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Burma, ta ɗaya ƙofar ya shigo. Ya ɗauki Ali Banana, yaro ɗan shekara 14, almajirin maƙeri, ya saka shi cikin 'yan Nijeriyar da suka yi yaƙi tare da dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944, a sansanin da ake kira White City. Abin da lamba ba ta da shi, littafin yana da shi: surutu, tsokana, yunwa, tsoro, da yadda yaran da aka kwaso daga garuruwa daban-daban suke zama 'yan uwa da harshen Hausa, wanda shi ne harshen barikin. Ali mai cika baki ne, yana ba da dariya, shi ya sa mai karatu yake jin ciwo sosai sa'ad da dariyar ta ƙare.

Amma littafin ma ba ya rasa aibi. Da Wingate ya buɗe, a Alƙahira, kamar sai Bature ya yi mana iso kafin mu ga namu yaran. Ga mai jin Hausa kuma, kalmomin da aka yayyafa cikin Turancin wani lokaci sun fi kama da ado fiye da magana. An rubuta shi ne da mai karatu na waje a zuciya, kamar dai jerin dillalan. Duk da haka, idan aka ce mu zaɓi wanda za mu miƙa wa jikan ɗan mazan jiya, littafin za mu miƙa.

Abin da ya fi damun mu yana gida. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta kawo labaran yaƙin da Hausa. Sa'adu Zungur ya yi waƙar Maraba da Soja. Sunayen Arakan da Myohaung suna jikin barikokin Legas, akwai Burma Camp a Akara. Amma marubutanmu na yau da ke zuba labari babi-babi a waya, nawa ne suka zauna da tsohuwar da ta tuna ranar da mahaifinta ya dawo? In muka bari, kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: kakanninmu su sha dajin, wasu su riƙe ƙarfen da labarin.

Ba ma cewa haramun ne a sayar. Kowa ya san halin da ake ciki. Roƙonmu ga duk gidan da ke da irin wannan lamba a ƙasan adaka shi ne kada a goge ta da toka ko yashi, kada a raba ta da 'yan uwanta, kada a raba ta da takardar sallama, domin a can lambar sojan da rundunarsa suke. A ɗauki hoton komai gaba da baya. Sannan a kunna rikoda a waya, a je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidan, a tambaye shi cikakken sunan mai lambar, sunan mahaifinsa, unguwarsu, da abin da yake faɗi game da Burma a ranakun da ya yarda ya yi magana.